Abin Da Ɗan Kano Zai Koya Daga Ƙasar Ƙanƙara

A birnin Oslo, babban birnin ƙasar Norwe, akwai wurare biyu waɗanda malamai su kan kai 'yan makaranta su gani. Na ɗaya wani gida ne a bakin teku, wanda aka buɗe a shekarar 1936, aka gina shi a kan wani tsohon jirgin ruwa mai suna Fram. Na biyu wani tudu ne a bayan gari, sunansa Holmenkollen, inda a ke yin bikin tsere da tsalle a kan ƙanƙara a watan Maris. Wanda ya ji haka sama-sama ya ce, me ya gama kifi da kaska? Wancan tarihin wahala ne da mutuwa, wannan kuwa wasa ne da annashuwa. Amma abu guda ne, gama da wasan nan ne mutanen Norwe suka koyi sana'ar da ta kai su ƙarshen duniya ta komo da su lafiya.

Tun da ya ke mu ma muna shirin fita yawon buɗe ido zuwa Bompai da Sharaɗa da Challawa, ya kamata mu yi nazarin labarin nan tukuna, don mu san abin da za mu duba in mun je.

DALILIN SANYIN ƘURYOYIN DUNIYA

Ku sami lemo guda, ku soke shi da tsinke daga sama har ƙasa. Inda tsinken ya shiga shi ne Ƙuryar Arewa, inda ya ɓullo shi ne Ƙuryar Kudu. Ku kunna fitila a ɗaki mai duhu, ku karkata tsinken kaɗan, ku zaga fitilar da lemon. Za ku ga hasken ya faɗa wa cikin lemon sosai, amma a wajen tsinken shafarsa kawai ya ke yi a kaikaice. Haka rana ke yi wa duniya. Kano tana digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana kan tsaya mana a ka. Oslo tana wajen digiri 60, ƙuryoyin kuwa 90. Saboda karkatar nan ta digiri 23 da rabi, a daidai ƙuryar rana kan yi wata shida ba ta faɗi ba, ta kuma yi wata shida ba ta fito ba.

Ruwa ya kan daskare a digiri sifiri. Mu nan, in hunturu ya yi tsanani, da asuba ma'auni ya sauko wajen digiri 12, sai ka ga kowa ya duƙunƙune a bakin wuta. To, a shekarar 1983 an auna sanyin da ya wuce digiri 89 ƙasa da sifiri a tsakiyar ƙasar Ƙuryar Kudu. A irin wannan wuri gumin jikin mutum ma abokin gabansa ne, don in ya jiƙa riga sai rigar ta daskare a jikinsa.

Ƙanƙarar da ke zuba a ƙasashen nan ba irin tamu ta farkon damina ba ce mai faɗowa kamar tsakuwa. Tasu laushi gare ta kamar audugar rimi, ta kan taru har ta shanye mutum zuwa ƙugu. Saboda haka tun dubban shekaru mutanen arewacin Turai suka ƙago wata dabara. Su kan sassaƙa katako biyu sirara, kowane ya kai tsawon mutum ko ya fi, su ɗaura a ƙafa, su riƙe sanda, su riƙa zamewa a bisa ƙanƙarar ba sa nutsewa. Sunan wannan katako siki. Kaya kuwa a kan ɗora su a kan wani irin amalanke marar ƙafafu, karnuka ko mutane su ja.

NANSEN DA JIRGINSA

Fridtjof Nansen masanin halittun ruwa ne, gwanin siki kuwa tun yana yaro. A 1888 ya ɗauki mutum biyar, biyu daga cikinsu Sami ne, watau makiyayan barewar ƙanƙara na arewacin ƙasar, suka ƙetare tsibirin Girinlan daga gabas zuwa yamma a kan siki. Ba a taɓa jin wanda ya yi haka ba kafinsu. Da suka isa yamma suka tarar jirgin ƙarshe na shekarar ba zai jira su ba, sai suka yi hunturu a can tare da mutanen ƙasar, waɗanda a ke kira Inuit. Nansen bai zauna yana ƙirga kwanaki ba. Ya shiga cikinsu, ya koyi tuƙa kwalekwalensu na fata, ya lura da suturarsu da abincinsu.

Ga kuma wani abin lura da ya nuna irin hankalinsa. A 1881 ƙanƙara ta matse wani jirgin Amurka mai suna Jeannette ta farfasa shi a arewacin Saiberiya. Bayan shekara uku aka tsinci tarkacensa a gefen Girinlan, can ɗaya ɓangaren duniya. Nansen ya ce ashe ƙanƙarar tekun nan tafiya ta ke yi, in haka ne kuwa mutum na iya hawanta kamar yadda a ke hawan raƙumi. Ya sa wani maƙerin jirage, Colin Archer, ya yi masa jirgi mai ciki kamar ƙwarya, don in ƙanƙara ta matse shi ta rasa inda za ta kama, sai ta tura shi sama. Manyan masana tafiyar teku da yawa suka ce wannan kai kai ne ga halaka.

Fram ya tashi a watan Yuni 1893 da mutum 13. Ƙanƙara ta kama shi a watan Satumba, ta matsa, ya ɗago kamar yadda aka nufa, ta yi ta yawo da shi har kusan shekara uku. A watan Maris 1895 Nansen da Hjalmar Johansen suka bar jirgin da karnuka, suka kai digiri 86 da ɗoriya, inda ba wanda ya taɓa kaiwa a lokacin. Da suka ga guzuri ba zai kai su ƙuryar ya komo da su ba, suka juyo. Suka yi hunturu guda a wata bukka ta duwatsu da suka rufa da fatun dabbobin teku, suna cin naman da suka harbo. A watan Agusta 1896 su da jirgin duk suka komo gida, ba a rasa ko mutum ɗaya ba.

MUTUM BIYU, WURI GUDA

Roald Amundsen ya bi sawun Nansen. Tsakanin 1903 da 1906 ya ratsa tekun arewacin Kanada a wani ƙaramin jirgi mai suna Gjøa, ya yi hunturu biyu a wuri guda kusa da wata ƙabilar Inuit. Waɗannan mutane ba su da karatu ba su da rubutu, amma ya mai da kansa almajirinsu. Suka koya masa korar karnuka, da gina ɗaki da tubalin ƙanƙara, da sa rigar fata mai gashi sakwa-sakwa yadda iska za ta zaga jiki gumi ya bushe.

A 1911 ƙungiya biyu suka sauka a gefen ƙasar Ƙuryar Kudu, kowace tana so ta riga isa: ta Amundsen, wadda ta zo a Fram, da ta Kyaftin Scott na Ingila. Daga bakin teku zuwa ƙuryar ya fi nisan Kano zuwa Ikko ta jirgin ƙasa, babu gari, babu itace, babu ko ciyawa.

Amundsen ya tashi a watan Oktoba 1911 da mutum huɗu, da amalanke huɗu, da karnuka 52. Cikin mutanensa akwai Olav Bjaaland, kafinta ne, wanda ya taɓa cin gasar Holmenkollen a 1902. Shi ya yi hunturu yana fere amalanken har ya rage musu kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsu. Tun kafin tafiyar sun ajiye rumbunan guzuri a hanya, kowane rumbu kuwa sun jera masa tutoci dama da hagu har nisan mil da yawa, don ko hazo ya sa sun kauce su ci karo da tuta. Suka isa ran 14 ga Disamba 1911, suka komo zangonsu ran 25 ga Janairu 1912, kwana 99, da karnuka 11. Yawancin sauran an yanka su a hanya don abinci, bisa ga lissafin da aka yi tun daga gida.

Scott ya dogara ga dawaki ƙanana da amalanke masu inji, da karnuka kaɗan. Injunan suka lalace, dawakin suka gaza, aka mai da karnukan baya, mutane suka sa igiya a ƙugu suna jan kayansu da kansu. Suka isa ran 17 ga Janairu 1912, suka tarar da tantin Amundsen. A komowa sanyi ya tsananta fiye da yadda aka saba gani a wannan lokaci na shekara. Daɗin daɗawa, in suka iso rumbu sai su tarar kananzir ya ragu a gwangwani, gama da fata aka yi matsin murfin, sanyi ya lalata fatar, man ya zurare. Amundsen kuwa da dalma ya sa aka like nasa. Ba kananzir ba narka ƙanƙara, ba narka ƙanƙara ba ruwan sha. Su biyar duka suka rasu, ukun ƙarshe a tanti, saura mil 11 su kai wani babban rumbu.

Kada wani ya ɗauka Scott rago ne. Jarumi ne, mutanensa kuma sun yi aikin ilmi mai yawa, har duwatsun da suka tsinto don nazari ba su yar ba. Amma jaruntaka ba ta tsaya a madadin sana'a. Ɗan guntun fata wanda bai kai tafin hannu ba yana cikin abubuwan da suka ci ran mazaje.

BIKIN HOLMENKOLLEN

An fara gasar nan a watan Janairu 1892, wanda ya fi kowa tsalle a ran nan ya yi mita 21 da rabi. An sake gina tudun sau da yawa, har ya zama ana tsallen da ya wuce mita 140. Mai tsalle ya kan zamo daga ƙololuwar hasumiya, ya tashi sama kamar shaho, ya sauka a gangare da ƙafafunsa. Akwai kuma tseren kilomita 50 cikin daji, wanda mutane kan kwana a tantuna a bakin hanya don su gani. Gidan sarauta ma ba a bar su a baya ba, gama Sarki Olav ya yi tsalle a nan a 1922 da 1923, tun yana ɗan sarki mai jiran gado. A gindin tudun akwai gidan tarihin siki, wanda aka kafa tun 1923 aka maido shi nan daga baya, a ciki kuwa har da kayan tafiyar Nansen da na Amundsen.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Hawan Salla da a ke yi a Kano da Katsina da Zazzau asalinsa gwajin dawakin yaƙi ne da mahayansu a gaban sarki. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, gwajin sana'ar masunta ne. Kokawa da dambe kuwa bayan kaka a ke yinsu, sa'ad da rumbu ya cika. Kowace al'umma ta kan ɗauki sana'ar da ranta ya rataya a kai ta mai da ita wasa, don yara su koya da murna tun ba a tilasta musu ba. Da yayyafi kogi kan cika. Yaron da ya yi shekara goma yana zamewa don wasa, ran da tafiya ta zama ta rai ko mutuwa ƙafarsa ta riga ta san aikinta.

KANO A CIKIN WANNAN LABARI

Wataƙila ku yi mamaki in kun ji cewa neman hanyar ƙanƙara da neman hanyar ƙasarmu tare suka taso. John Barrow, wani babban magatakarda na ma'aikatar jiragen yaƙin Ingila, shi ya yi ta zuga a aika mutane su nemo hanyar tekun arewa, shi ne kuma ya yi ta zuga a nemo inda Kwara ta nufa. Wani hafsan jirgi, George Lyon, ya taso daga Tarabulus a 1819 da nufin zuwa ƙasashen nan, ya tsaya a Murzuk, inda abokin tafiyarsa Ritchie ya rasu. A 1821 sai ga shi yana shugabancin jirgi a tekun ƙanƙara na arewacin Kanada. Rairayi da ƙanƙara kuwa tambaya guda su ke yi wa matafiyi: ina ruwanka, ina guzurinka, wa ya san hanya?

Clapperton, wanda aka sani a nan da sunan Abdullahi, ya taso daga Kukawa da Likita Oudney a watan Disamba 1823. Ya rubuta cewa wata asuba a ƙarshen watan sun tarar ruwan da ke cikin salkunansu ya daskare. Oudney dā ma yana fama da ciwon ƙirji, sanyin ya ƙara masa, ya rasu a Murmur kusa da Katagum ran 12 ga Janairu 1824. Clapperton ya shigo Kano ran 20 ga watan, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, daga nan ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Barth, Bajamushe, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a farkon Fabrairu 1851, zamanin Sarki Usman. Halinsa irin na Amundsen ne. Ya iya Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci, ya biyo ayarin gishiri na Abzinawa, ya zauna da malamai da fatake yana tambaya yana rubutawa. Abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Overweg, sun rasu a ƙasar Barno, shi ya koma gida a 1855. Koyon harshe ba ya hana ajali, amma shi ya buɗe masa ƙofofin da suka ba shi masauki da ilmi. Ya tafi Turai da wani yaro Bahaushe, Dorugu, wanda daga bisani ya komo ya ƙare kwanansa a Kano.

Mu tuna kuma, hanyoyin da Turawan nan suka ce sun gano, madugai da jagabobin ayari sun yi ɗaruruwan shekaru suna binsu daga Kano zuwa Gat da Gadamas da Tarabulus, da turkuɗi da takalma da jan kilabo. Kilabon nan na jar akuyar Sakkwato shi Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don ta can ya ke isa gare su. Mutanenmu su ne Inuit na wannan hamada.

YADDA ZA MU YI NAMU YAWO

A 1911, shekarar da Amundsen ya kai Ƙuryar Kudu, a cikinta ne dogo ya iso Kano. Daga nan ciniki ya juya baya ga hamada ya fuskanci teku, gyaɗa da fatu suka bi jirgi, daga baya masana'antu suka tashi. Bompai ita ce ta fari, a arewa maso gabashin birni, sa'an nan Sharaɗa a kudu maso yamma, da Challawa a kudu, kusa da kogin da ta ci sunansa.

Mu fara da Majema a cikin birni. Ku duba yadda a ke jiƙa fata, a tuje gashin, a kankare, a tsoma ta a ruwan bagaruwa. Ku gai da majemi da ladabi, ku tambaye shi yadda ya ke gane fata ta jemu, gama wannan ilmi a yatsunsa ya ke, ba ya cikin littattafanmu. Daga nan mu biya Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa. Mai gidan, Hanns Vischer, shi kansa ya ƙetare hamada daga Tarabulus zuwa Kukawa a 1906, kāna ya buɗe makaranta a nan a 1909.

A Sharaɗa da Challawa za ku ga jima ta zamani. A kan juya fatu a manyan ganguna da gishirin wani ƙarfe mai suna kurom, su fito shuɗi-shuɗi, aikin ya fi na bagaruwa sauri nesa. Da yawa daga cikin fatun a kan kai su Italiya da Sifen, can a ɗinka takalma da jakunkuna. Ku tambaya: nawa a ke sayen fatar akuya a ƙauye, nawa a ke sayar da takalmin da aka yi da ita, ribar da ke tsakani kuma a hannun wa ta ke tsayawa?

Kada ku tsaya a ƙofar gaba kaɗai. Ku zaga baya ku bi lambatu. Ruwan Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa, na Bompai kuwa yana bin Getsi zuwa Jakara, a bakinsu kuma akwai masu lambu da makiyaya. Masana sun sha auna ruwan nan suna samun kurom a ciki. Za ku kuma wuce masana'antu da yawa a rufe, musamman masaƙu, waɗanda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje masu araha suka durƙusar. Kowace ƙofa da ke kulle tana da irin nata matsin murfi da ya lalace, aikin mai ilmi ne ya gano shi.

Kowa ya riƙe littafi da fensir, ya rubuta abin da ya gani a ranar da ya gan shi. Abin da ya sa muka san labarin Scott shi ne bai daina rubutu ba har hannunsa ya gaza. Abin da ya sa duniya ta san yadda kasuwar Kurmi ta ke a 1851 shi ne Barth bai dogara ga tunawa ba.

TAMBAYOYI

1. Da lemo da fitila, bayyana wa ɗan aji uku dalilin da ya sa Kano ta fi Oslo zafi.
2. Kawo abu uku da Amundsen ya koya wurin Inuit, da abu uku da baƙo zai koya wurin madugu.
3. Don me aka yi wa Fram ciki kamar ƙwarya?
4. Wace sana'a ce ke ɓoye a cikin wasan da a ke yi a garinku?
5. Zana taswirar hanyar fata daga mahauta har zuwa kogin Challawa.

'Yan'uwa, gobe mu ne malamai. Yaran da za a ba mu 'ya'yan majema ne da maƙera da fatake da manoma. In muka koya musu raina sana'ar iyayensu, mun sallame su cikin ƙanƙara da rigar da ba ta wurin ba. In kuwa muka koya musu su gama ilmin littafi da ilmin hannu, to, mun ba su guzurin zuwa da na komowa. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, ya sa abin da za mu gani ya amfane mu da ƙasarmu. Amin.